Marsandin Ottawa: Motar da Ta Shekara 37 da Sunan Wani

Masana tarihin motoci da masu sana'ar farfaɗo da tsofaffin motoci sun daɗe da sanin cewa aikin da ya fi wuya a kan motar da ta kwana biyu a duniya shi ne tabbatar da asalinta, domin tsatsa da mutuwar inji matsaloli ne da kuɗi da gwanintar hannu ke magancewa, amma sunan da aka laƙaba wa mota bisa kuskure yakan bi ta daga hannu zuwa hannu, kowane sabon mai ita yana ƙara masa ƙarfi saboda shi ne abin da ya biya kuɗi a kansa. Daga cikin misalan da suka fi fito da wannan matsala fili akwai wata baƙar Mercedes-Benz mai buɗaɗɗen sama da ke Gidan Tarihin Yaƙi na Kanada a birnin Ottawa, wadda daga 1945 zuwa 1982 aka san ta a matsayin motar Hermann Göring, shugaban sojojin saman Jamus a zamanin mulkin 'yan Nazi, alhali kuwa tana cikin motocin da Adolf Hitler da kansa yake hawa.

Samfurin motar shi ne Mercedes-Benz 770, wanda Jamusawa ke kira Grosser Mercedes, wato babbar Marsandi, kuma rukuninsa na biyu, mai lambar masana'anta W150, an ƙera shi ne tsakanin 1938 da 1943, guda 88 kacal. Injinta mai silinda takwas ne a jere, girmansa lita 7.7, yana kuma da kwamfiresa, wato na'urar da ke cusa ƙarin iska cikin inji idan direba ya take totur har ƙasa, abin da ke ɗaga ƙarfinsa daga na doki 155 zuwa na doki 230. Tsawon motar ya kai mita 6, kuma wadda ke Ottawa, saboda sulken ƙarfe da aka saka mata a ƙofofi da gilasai masu kauri da harsashi ba ya hudawa, nauyinta ya haura tan 4. Rufinta na tamfol ne da ake naɗewa zuwa baya, domin an yi ta ne saboda fareti, inda shugaba zai miƙe tsaye a gefen direba jama'a su gan shi, ko da yake hankali bai cika kama hikimar lulluɓe mota da sulke sannan a bar samanta a buɗe ba.

Ƙarancin waɗannan motoci ya kamata ya sauƙaƙa gane kowace ɗaya, sai dai abin ya zo akasin haka, saboda kusan duk manyan gwamnatin Jamus na lokacin sun hau irinsu, an ba da wasu kyauta ga shugabannin ƙasashen da ke ƙawance da ita, kuma idon da bai saba ba duk ɗaya yake ganinsu. Da yaƙi ya ƙare motocin sun warwatsu a garejoji da tashoshin jirgin ƙasa na kudancin Jamus da Ostiriya, babu direbobinsu, babu takardunsu, sai sojojin da suka ci nasara suka riƙa tsintarsu suna raɗa musu sunan duk wani babban ɗan Nazi da ya fara zuwa bakin wanda ke kusa.

Haka ta faru da wannan mota a farkon watan Mayun 1945, sa'ad da wani sojan Amurka mai muƙamin saje, Joseph Azara, na runduna ta 20 ta motocin sulke, ya same ta ɗaure a kan taragon jirgin ƙasa a garin Laufen, kusa da Salzburg. Wani farar hula ɗan ƙasar Holan da ke aiki a garejin da aka kai ta shi ne ya ce ta Göring ce, kuma da yake an san Göring da son ƙawa da manyan motoci, ga shi a wannan yanki aka kama shi a makon, babu wanda ya ga dalilin neman wata hujja. A nan ne kuma aka yi wani abu da ya ƙara dagula bincike daga baya, domin injin motar ya samu matsala, sai aka ɗauko wani irinsa daga Berchtesgaden, inda Hitler ke da gidan hutu a kan tsaunuka, aka ɗora mata. Daga ranar lambar da ke jikin injin ta daina ba da shaida a kan motar, tun da lambar wata motar ce daban.

An kai ta Amurka a cikin shekarar, aka zagaya da ita birane ana nuna wa jama'a domin tallata takardun lamuni na gwamnati, ko'ina ana rubuta sunan Göring a allon da ke gabanta, sannan aka ajiye ta a sansanin gwajin makamai na Aberdeen da ke jihar Maryland. A 1956 sojoji suka yi gwanjonta, wani attajiri na birnin Montreal ya saye ta, ya kai ta garejin Rumble da ke Toronto domin a mayar da ita yadda take a da. Garejin ya yi aikin da aka ba shi, motar ta fito baƙa wuluk tana ƙyalli, amma an yi gyaran ne bisa labarin da ya zo tare da ita, ba tare da an fara tambayar ko labarin gaskiya ne ba. A nan haɗarin wannan sana'a yake, domin mai gyara yakan kankare tsohon fenti, ya sake kujeru, ya cike ramukan da bai san amfaninsu ba, ya jefar da abin da ya ga ya ruɓe, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana iya zama shaida guda da ta rage game da inda motar ta fito. Shi ya sa Yarjejeniyar Turin, wadda ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, ta fara aiki da ita a 2013, ta nanata cewa a rubuta halin da aka samu mota a ciki kafin a taɓa ta, a kuma adana duk abin da za a iya adanawa na ainihin jikinta. Motar Ottawa ta yi sa'a, saboda an bar mata gilashin gefe da harbi ya tsattsaga, an kuma bar siffar bodinta yadda take. Mai karatu a Nijeriya ba zai rasa fahimtar darajar irin wannan tabo ba, tun da motar da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana Gidan Tarihi na Ƙasa a Legas da ramukan harsashinta, kuma su ne ake zuwa gani.

Motar ta shiga hannun gidan tarihin Ottawa a 1970 a matsayin kyauta daga wani ɗan kasuwa na Quebec, aka ci gaba da nuna ta da sunan Göring har shekara goma sha biyu. Wanda ya warware lamarin shi ne Ludwig Kosche, ma'aikacin laburaren gidan tarihin, haifaffen Jamus, wanda harshensa na uwa ya ba shi damar yin wasiƙa da kamfanin Daimler-Benz, wanda ya ƙera motar, da rumbunan adana takardu na Jamus kai tsaye, kuma hanyar da ya bi ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce har gobe ake bi wajen tantance kowace tsohuwar mota mai tsada.

Shaida ta farko lamba ce. Kowace mota tana da lambar shasi, wato lambar da ake bugawa a jikin ƙarfen da ke ɗauke da inji da bodi da ƙafafu, kuma ita ce ta fi dawwama, saboda ana iya sauya inji, ana iya sauya bodi gaba ɗaya, amma da wuya a sauya shasi motar ta ci gaba da zama ita. Daimler-Benz kuwa yana da kundin oda da ake rubuta kowace mota a ciki tare da lambobinta da wanda ya yi odarta da ranar da aka miƙa ta, kuma abin da takardun kamfanin suka nuna shi ne an miƙa wannan mota ga fadar shugaban gwamnati a Berlin a watan Yulin 1940. Shaida ta biyu ita ce lambar rajista ta baya, wadda fenti ya rufe, da aka kankare shi kuma sai ga 148697. Cikakkiyar lambar ita ce IA v 148697, inda IA ke nufin Berlin a tsarin rajista na lokacin, alamar da ta yi kama da harafin v kuma wata jar alama ce da aka fara sakawa a 1939 a kan motocin farar hula da aka yarje musu hawa titi duk da ƙarancin mai na lokacin yaƙi. Motocin rundunar sojan sama, wadda Göring ke shugabanta, da haruffan WL lambobinsu ke farawa.

Lamba kaɗai ba ta isa ba, domin farantin rajista abu ne da ake kwancewa daga wata mota a ɗaura wa wata, don haka shaida ta uku ta zama dole, wato hotuna da finafinan labarai na zamanin. Da hannu ake haɗa bodin waɗannan motoci a masana'antar kamfanin da ke Sindelfingen, kuma hakan ya sa kowace ɗaya ta ɗan sha bamban da 'yar'uwarta a ƙananan abubuwa. Kosche ya bi waɗannan bambance-bambance ɗaya bayan ɗaya, kamar kafofin iska huɗu da ke ƙarƙashin gilashin gaba, da yawan tsagogin da ke saman bonet, da hinjin ƙofofi, wato ƙarafan da ƙofa ke juyawa a kansu, da lanƙwasar gilasan gefe na baya, ya kuma gwada su da hotunan da aka ɗauki Hitler a cikin mota mai wannan lamba a shekarun farko na yaƙin. Da lambar shasi da kundin kamfani da hoto suka haɗu a kan magana ɗaya, sai gani ya kori ji, ya wallafa sakamakon bincikensa a mujallar After the Battle a 1982, gidan tarihin kuma ya sauya allon da ke gaban motar.

Abin da ya ƙara wa labarin armashi shi ne a daidai shekarun da ake kiran motar Hitler da sunan Göring, akwai wata 770 mai buɗaɗɗen sama da ke yawo a Amurka da sunan Hitler alhali ba tasa ba ce. Wani ɗan kasuwa na Chicago, Christopher Janus, ya karɓe ta daga Suwidin a 1948 a madadin kuɗin kayan da ya sayar, ya zagaya da ita ana biyan kuɗin kallo domin ayyukan agaji, kuma a watan Janairun 1973 aka yi gwanjonta a Scottsdale ta jihar Arizona a kan dala 153,000, farashin da ba a taɓa sayen wata mota a gwanjo da shi ba kafin lokacin. Ainihinta kuwa kyauta ce da Hitler ya aika wa Mannerheim, babban kwamandan sojojin Finlan, a 1941. Kuskuren Laufen ya samo asali ne daga rashin sani, amma na wannan ta biyu ya daɗe saboda babu wanda zai ci riba idan aka gyara shi, kuma wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata a bar tantance asalin mota a hannun mai sayar da ita ba.

Gano gaskiyar ya jawo wa gidan tarihin Ottawa wata sabuwar damuwa, domin motar ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da baƙi suka fi tururuwa a kansu, wasu kuma suka ji tsoron kada ƙyallinta ya sa matasa sha'awar mulkin da ya hallaka miliyoyin mutane. A shekarar 2000 shugaban gidan tarihin na lokacin, masanin tarihi Jack Granatstein, ya kawo shawarar a sayar da ita a yi amfani da kuɗin wajen gina sabon mazauni, amma jama'a suka yi ca a kan shawarar, wasu don ganin kayan tarihin ƙasa ne, wasu don gudun kada ta faɗa hannun masu ra'ayin Nazi na wannan zamani. An janye shawarar, kuma da aka buɗe sabon ginin gidan tarihin a 2005, an saka motar a sashen Yaƙin Duniya na Biyu, a wurin da ke bayanin yadda mulkin kama-karya ya taso a Turai.