«L'École du micro d'argent»: kundin rap na IAM da aka naɗa sau biyu

«L'École du micro d'argent» shi ne kundin waƙoƙi na uku na ƙungiyar IAM, mawaƙan rap na birnin Marseille da ke kudancin Faransa. Ya fito kasuwa ranar 18 ga watan Maris na 1997 a ƙarƙashin kamfanin Delabel, ɗauke da waƙoƙi 16. An sayar da faifai sama da miliyan ɗaya, kuma har yau ana lissafa shi cikin manyan ayyukan rap da aka taɓa yi da Faransanci. Ma'anar sunan ita ce «makarantar makirufon azurfa». Kalmar «argent» a nan azurfa take nufi, ba kuɗi ba, makarantar kuwa irin ta koyon dabarun faɗa ce ta ƙasashen Asiya, inda almajiri ke shan horo kafin ya zama gwani.

Su wane ne IAM?

An kafa ƙungiyar a ƙarshen shekarun 1980, kuma lokacin wannan kundi mutum shida ne a cikinta. Akhenaton da Shurik'n su ne manyan masu rubutu da rerawa. Imhotep ke haɗa kiɗa, Kheops ke murza faifai. Freeman da Kephren da rawa suka fara, daga baya Freeman ya kama makirufo.

Asalinsu ya yi kama da Marseille kanta, tashar jiragen ruwa da ta tara baƙi daga ko'ina. Dangin Akhenaton daga kudancin Italiya suka zo, shi kuwa ya musulunta a farkon shekarun 1990. Shurik'n na da tushe a Madagaska da tsibirin Réunion, Freeman ɗan asalin Aljeriya ne, Kephren na Senegal, Imhotep kuma a birnin Aljas aka haife shi. Huɗu daga cikinsu sun ari sunayensu daga tarihin tsohuwar Masar, abin da ke da nasaba da rubuce-rubucen masanin Senegal Cheikh Anta Diop, wanda ya kare ra'ayin cewa wayewar Fir'aunoni ta baƙar fatar Afirka ce.

Kundinsu na farko, «...De la planète Mars», ya fito a 1991, na biyu, «Ombre est lumière», a 1993. A cikin na biyun ne waƙar «Je danse le Mia» take, waƙar barkwanci da ke tuna gidajen rawar Marseille na shekarun 1980. Ta hau matsayi na ɗaya a Faransa a 1994. Nasarar ta kawo suna da kuɗi, amma ta zo da matsala: jama'a da yawa sun ɗauki IAM a matsayin masu ban dariya, alhali akasarin waƙoƙinsu kan talauci, wariya da tarihi suke magana. Kundi na uku shi ne zai nuna ko za su sake bin hanyar da ta kawo kasuwa, ko kuwa su koma ga abin da suka ɗauka shi ne ainihin aikinsu.

Yadda aka haɗa shi

An soma shirya waƙoƙin a Marseille. A 1996 ƙungiyar ta tafi New York, mahaifar rap, ta shiga sutudiyon Greene Street tare da injiniyan sauti Nick Sansano, wanda suka riga suka yi aiki da shi a kundin da ya gabata. An kwashe watanni ana naɗi, an kashe kuɗi masu yawa. Da suka saurari abin da aka gama, sai bai kwanta masu a rai ba. Sun ga sautin ya yi laushi, bai kai kaifin kalmomin da aka ɗora a kansa ba, a daidai lokacin da rap na New York ya koma ga kiɗa mai duhu da tsauri irin na ƙungiyar Wu-Tang Clan.

Nan suka yanke shawarar da ba kowane mawaƙi ke iya yanke ta ba: a ajiye aikin da aka kammala, a sake. Wannan na nufin ɗage ranar fitowa da ƙarin kashe kuɗi, kuma sai da kamfanin ya amince. Aka gayyato Prince Charles Alexander, injiniyan sauti Ba'amurke da ya yi aiki da Notorious B.I.G. da Mary J. Blige. A Paris aka sake naɗar akasarin kundin cikin ƙasa da wata guda. An sauya kiɗan waƙoƙi da dama, an watsar da wasu, an rage kayan ado, aka bar ganga mai nauyi da ƴan gutsattsarin sauti da aka yanko daga tsofaffin fayafayai, domin murya ta fito fili.

Abin da waƙoƙin ke faɗa

Kundin ya rabu tsakanin waƙoƙin kirari, inda mawaƙi ke nuna gwanintarsa da siffofin mayaƙa da na finafinai, da waƙoƙin da ke bayyana rayuwar unguwannin talakawa. «Nés sous la même étoile» tana tambayar dalilin da ya sa yara biyu na gari ɗaya ke tashi da rabo daban, ɗaya cikin wadata, ɗaya cikin rashi. «Petit frère» ta dubi ƙanen da ke gaggawar girma, ya bar wasan yara ya kama sigari, faɗa da neman kuɗi ko ta wace hanya, ta kuma ɗora wani ɓangare na laifin a kan talabijin. «L'Empire du côté obscur» ta ari duniyar finafinan Star Wars. A «La Saga» kuwa an gayyato mawaƙan New York na kusa da Wu-Tang Clan.

Waƙar ƙarshe, «Demain, c'est loin», ta kai kimanin minti tara ba tare da amshi ba. Shurik'n ya fara, Akhenaton ya karɓa, suna jero hotunan zaman kashe wando, ƙwaya, ƴan sanda da kurkuku. Ba a yi ta don rediyo ba, amma ita ce masu sharhi suka fi ambata idan ana zancen kundin.

Yanayin siyasa ya ƙara wa kalmomin nauyi. A zaɓen 1995 jam'iyyar Front National mai ƙyamar baƙi ta karɓi mulkin biranen Toulon, Orange da Marignane. A watan Fabrairun 1997, ƴan makonni kafin fitowar kundin, ta ƙara da Vitrolles, dab da Marseille. Ƴaƴan baƙi da ke yankin sun ji waƙoƙin a matsayin maganar gida.

Dalilan da suka sa ya yi kasuwa

Ingancin aiki kaɗai bai isa ya bayyana cinikin ba. Wata doka da aka zartar a Faransa a 1994, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairun 1996, ta tilasta wa gidajen rediyo masu zaman kansu su ware aƙalla kashi 40 cikin 100 na waƙoƙin da suke sawa ga waƙoƙin Faransanci. An yi dokar ne don kare harshe daga mamayar waƙoƙin Ingilishi, sai ga shi rap na cikin waɗanda suka fi cin moriyarta. A 1996 tashar Skyrock, mai watsa shiri a faɗin ƙasar, ta karkata ga rap da R&B. Da kundin IAM ya fito, ya tarar da rediyon da ke buƙatar irinsa, da matasan da ke jiran sa.

Cikin ƴan kwanaki ya samu shaidar «disque d'or», wato faifan zinariya, wadda a wancan lokaci ake bai wa kundin da ya sayar da 100,000. Fitar da waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya tare da bidiyonsu ya sa ya daɗe a kasuwa, kuma a 1998 aka sake buga shi da ƙarin waƙar «Independenza». A shekarar ce ya lashe kyautar kundin shekara a bikin Victoires de la musique, inda ya yi takara da kowane irin kiɗa, ba rap kawai ba. A 2005 ya kai «disque de diamant», faifan lu'ulu'u, wanda a lokacin sai an sayar da miliyan ɗaya ake samun sa.

Bayan nasarar

Kuɗi da sunan da kundin ya kawo sun buɗe wa ƴan ƙungiyar hanyar ayyukan kansu. Shurik'n ya fitar da «Où je vis» a 1998, Freeman ya biyo baya da nasa a 1999, Akhenaton kuma ya jagoranci kiɗan fim ɗin «Taxi» na 1998, wanda aka ɗauka a Marseille. Sai a 2003 IAM ta dawo da sabon kundi na haɗin gwiwa, «Revoir un printemps». A 2008 ta yi wasa a gaban dalar Giza a Masar don cikarta shekara 20, kuma ba da jimawa ba Freeman ya bar ta.

Ga kamfanonin faifai, darasin ya fito sarai: rap mai nauyin magana, wanda bai nemi faranta wa kowa ba, na iya ciniki daidai da kowane irin kiɗa a Faransa. Ya kuma tabbatar da Marseille a matsayin cibiyar rap ta biyu bayan Paris da kewayenta. A 2017, shekara 20 da fitowarsa, IAM ta zagaya manyan zaurukan Faransa, har da na Bercy a Paris, tana rera waƙoƙin kundin a gaban waɗanda suka saye shi suna samari da kuma ƴaƴansu.