Neman aiki a Kamaru: takardu, konkur da haƙƙin ma'aikaci

A Kamaru babu alawus ga wanda ya rasa aiki. Hukumar CNPS tana biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin wurin aiki, amma ba ta ba mai zaman kashe wando ko sisi. Wannan ne ya sa ƙididdigar rashin aiki a ƙasar take fitowa ƙarama. Binciken da hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi a 2010 ya nuna kashi 3.8 cikin ɗari kacal ne marasa aiki, alhali kashi 90.5 na masu aikin suna cikin sana'o'in da babu rajista, babu kwantaragi, babu fansho. A ma'aunin da ake amfani da shi, wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako ba a lissafa shi cikin marasa aiki. Mai digirin da ke tuƙa babur a Duwala, ko yake zaune a rumfar tura kuɗi ta waya a Garwa, a takarda ma'aikaci ne.

Matsalar ta daɗe. Har zuwa tsakiyar shekarun 1980, wanda ya gama karatu yana iya sa ran gwamnati za ta ɗauke shi. Faɗuwar farashin man fetur da koko da kofi ta kawo ƙarshen wannan. Aka rufe kamfanonin gwamnati da dama, aka zabtare albashi sau biyu a 1993, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Girman gibin ya fito fili a 2011, lokacin da shugaba Paul Biya ya sanar da ɗaukar matasa 25,000 aikin gwamnati: fiye da mutum 300,000 ne suka kai takardunsu.

Takardar haihuwa kafin komai

Ga matasan Hausawa, na unguwar Briqueterie a Yawunde ne ko na New Bell a Duwala ko na Garwa da Marwa da Ngawundare, sau da yawa ba a ɗakin jarrabawa ake faɗuwa ba. Tun wurin haɗa dosiye ake tsayawa. Tushen kowace takarda shi ne acte de naissance. Da ita ake zana jarrabawar CEP a ƙarshen firamare, da ita ake neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, da ita ake yin katin ɗan ƙasa. Doka ta ba da kwana 90 a yi rajistar jariri. Idan lokaci ya ja sosai, sai an je kotu an samo hukuncin da ake kira jugement supplétif, tare da shaidu da takardar likita mai ƙiyasta shekaru. Lokaci zuwa lokaci ƙananan hukumomi da kotuna suna shirya zaman tafi-da-gidanka, audiences foraines, inda ake yi wa mutane da yawa a rana ɗaya cikin rahusa. Wanda ba shi da takardar, a ofishin magajin gari zai tambayi ranar zama na gaba.

Akwai kuma matsalar rubutun suna. Mutum ɗaya sai a same shi Mahamadou a takardar haihuwa, Mohamadou a takardar makaranta, Mouhamadou a kati. Ga mai magana duk suna ɗaya ne, amma ga ma'aikacin da ke tantance dosiye mutum uku ne, kuma harafi ɗaya ya isa a mayar da takardu. Haka ranar haihuwa. Gyara yana ɗaukar watanni, don haka ba a jira sai an buɗe konkur kafin a duba.

Takardar shaidar zama ɗan ƙasa, certificat de nationalité, kotun matakin farko ce ke bayar da ita. A nan ne Bahaushe ya fi shan tambaya, domin wasu ma'aikata suna ɗaukar duk mai sunan Hausa ɗan Najeriya ne ko ɗan Nijar, ko da kakanninsa sun zauna a garin tun zamanin Jamus. Abin da ke yanke gardama shi ne takardar haihuwar uba ko uwa da katinsu. Iyalin da suka adana tsofaffin takardun iyaye sun huta. Wani abin lura: dokar zama ɗan ƙasa ta 1968 ba ta yarda baligi ya riƙe ƙasa biyu ba. Wanda ya je karatu ko kasuwanci Mubi ko Yola ya karɓi takardun zama ɗan Najeriya don sauƙin rayuwa, yana iya jefa matsayinsa na Kamaru cikin haɗari.

Katin ɗan ƙasa ya daɗe yana wahalar da mutane, wasu sun yi shekaru suna yawo da récépissé ana ƙara masa wa'adi. Tun 2025 aka koma sabon tsari, inda ake fara rajista ta intanet kuma a biya sefa 10,000.

Konkur

Aikin gwamnati ta hanyar konkur ake shigarsa: ENAM ga masu mulki da alƙalai da ma'aikatan haraji da kwastan, IRIC ga harkar diflomasiyya, sai na 'yan sanda da jandarma da soja, da waɗanda ma'aikatar kula da ma'aikatan gwamnati ke buɗewa kai tsaye. Dosiyen kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Ana neman kwafin takardar haihuwa da hukuma ta tabbatar, kwafin diploma, takardar da ke nuna an gabatar da diploma ta asali gaban gwamna ko préfet ko sous-préfet, takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure mutum ba, wato bulletin n° 3, da takardar lafiya daga likitan gwamnati. Yawancinsu ba a karɓar wadda ta wuce wata uku. Kowace tana cin tambur, kuma tambur ɗin ya tashi daga sefa 1,000 zuwa 1,500 a 2023. Idan aka haɗa da kuɗin rajista da na mota zuwa babban birnin jiha, dosiye ɗaya yana iya cinye abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu a wata.

Shekaru ma suna da iyaka. Dokar aikin gwamnati ta 1994 ta sa 35 ga rukunin A da B, 30 ga rukunin C da D, ENAM kuwa 32. Wannan ya fi taɓa yaron da ya fara da makarantar allo ya shiga boko a makare. Sai ya gama jami'a saura masa shekara biyu ko uku kafin ƙofa ta rufe. Wasu suna zuwa a yi musu sabuwar takardar haihuwa da rage shekaru. Laifi ne, kuma an sha korar waɗanda suka riga suka ci jarrabawa bayan an gano.

Sai tsarin daidaita jihohi, équilibre régional. Ana raba guraben konkur bisa jihar asali: Arewa Mai Nisa kashi 18, Arewa 7, Adamawa 5, Tsakiya 15, Littoral 12, haka dai har jihohi goma su cika. Jihar asali ba inda aka haifi mutum ba ce, inda mahaifinsa ya fito ce. Matashin da aka haifa a Briqueterie, amma takardun mahaifinsa suka nuna Garwa, cikin rabon Arewa zai yi takara. Ya kamata ya san da haka kafin ya cika fam, domin abin da ya rubuta dole ya dace da abin da ke cikin takardun iyayensa.

Wanda ya yi karatu a waje yana da mataki ɗaya ƙari. Digirin jami'ar Maiduguri ko ta Bayero, na Azhar a Masar, na Sudan ko na jami'ar Musulunci ta Say a Nijar, duk sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta ba su équivalence kafin a karɓe su a konkur. Ana tura tambaya zuwa makarantar da ta bayar da takardar, kuma amsar tana jinkiri. Masu digirin Larabci suna fuskantar wani abu daban: ana rubuta jarrabawa da Faransanci ko Ingilishi ne, don haka da yawansu suna ƙarewa a makarantun Franco-Arabe masu zaman kansu, inda albashi bai taka kara ya karya ba.

Ofisoshin da ke taimakawa

Asusun samar da aiki na ƙasa, FNE, an kafa shi a 1990, kuma kamfanoni ne ke ɗaukar nauyinsa da kashi 1 cikin ɗari na albashin da suke biya. Yana da ofis a manyan biranen jihohi, ciki har da Marwa da Garwa da Ngawundare. Rajista kyauta ce. Ba ya raba aiki kamar yadda wasu ke zato. Abin da yake yi shi ne haɗa mai nema da kamfanin da ya kawo buƙata, koyar da rubuta CV da wasiƙar neman aiki da yadda ake amsa tambayoyi, da kuma tura mutane koyon sana'a. Shirinsa na PED yana sa mai diploma a kamfani ya yi sitaj, FNE da kamfanin su raba kuɗin alawus. Ba kowa ake riƙewa bayan sitaj ba, amma mutum yana fita da takardar gogewa, wadda ita ce kamfanoni suka fi tambaya.

Ma'aikatar matasa tana da nata shirye-shiryen, irin su PAJER-U da shirin shekara uku na musamman na sefa biliyan 102 da aka sanar a 2016. Ana shiga ta cibiyoyin matasa na CMPJ. Masu nema sun fi kuɗin yawa, kuma jira yana da tsawo.

A arewacin ƙasar manyan masu ɗaukar ma'aikata kaɗan ne: Sodecoton a Garwa, masana'antar siminti ta Figil, Semry mai noman shinkafa a Yagwa, jirgin ƙasa na Camrail a Ngawundare. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta a 2014, ƙungiyoyin agaji sun zama wata kafa a Marwa da Mora da Kuseri da sansanin Minawawo. A nan harshe jari ne. Mai jin Faransanci da Hausa da Fulatanci, balle a ƙara da Kanuri ko Larabcin Shuwa, ana nemansa wajen tafinta da tattara bayanai. Matasa da yawa ba sa rubuta waɗannan harsuna a CV, suna ganin ba abin faɗa ba ne.

Sana'ar gida

Mafi yawan Hausawan Kamaru ba ta konkur suke cin abinci ba. Fawa, tsire da kilishi, ɗinki da surfani, canji, fataucin shanu da goro da albasa, su ne suka riƙe unguwanni. Hanyar shiga ita ce ta dā: yaro ya zauna ƙarƙashin maigida shekaru, a sallame shi da ɗan jari, ya shiga adashi ya ƙara. Tsarin yana aiki, sai dai babu rubutu a cikinsa, kuma idan maigida ya rasu ko ya karye kafin sallama, shekarun yaron sun tafi a banza.

Sana'o'in kan iyaka kuwa suna tashi da faɗuwa da abin da ke faruwa a Najeriya. Rufe hanyar Banki da Amchide da ta Gamboru da Fotokol ya zaunar da direbobi da 'yan dako da dillalai na tsawon shekaru. Cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 ya rage ribar masu sayar da zuwa-zuwa a bakin titi, ya kuma ƙara wa 'yan babur tsadar mai. Mai sana'ar kansa da ke son fansho yana iya shiga CNPS da kansa, tun da aka buɗe inshorar sa-kai a 2014.

Idan an samu aikin

Dokar ƙwadago ta 14 ga Agustan 1992 ita ce ma'auni. Lokacin gwaji ba ya wuce wata shida, ko takwas ga manyan ma'aikata, kuma sai an rubuta shi. Kwantaragi mai wa'adi ba ya wuce shekara biyu, ana sabunta shi sau ɗaya. A 2023 an sa mafi ƙarancin albashi sefa 60,000 a yawancin kamfanoni masu zaman kansu, 45,000 a harkar noma. Wajibi ne mai kamfani ya yi wa ma'aikaci rajista a CNPS, kuma ma'aikacin yana iya zuwa ofishinsu ya duba ko ana zuba kuɗin da ake cirewa daga albashinsa, domin akwai masu cirewa ba su kai ba. Idan aka sallami mutum, yana da haƙƙin karɓar certificat de travail. Rikicin albashi ko kora ana fara kai shi gaban sufeton ƙwadago, ba a biyan kuɗi, sai sulhu ya gagara a wuce kotu. Bashin albashi yana da wa'adin shekara uku, bayan nan ba a sauraron ƙara.

Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da ke zaune a Kamaru hukuncinsa daban ne. Kamaru ba ta cikin CEDEAO, tana cikin CEMAC ne tare da Chadi da Gabon da sauransu. Baƙo yana buƙatar katin zama, kuma kwantaraginsa sai ministan da ke kula da samar da aiki ya sa masa hannu. Konkur na gwamnati na 'yan ƙasa ne kawai.

Masu cin kasuwar rashin aiki

Duk lokacin da aka buɗe konkur, sai masu cewa suna da hanya su fito, suna neman miliyoyi don su sa suna a jerin waɗanda suka ci. Iyalai sun sayar da shanu da filaye a kan haka. Wanda aka damfara ba ya iya kai ƙara cikin sauƙi, domin a dokar ƙasar mai ba da cin hanci shi ma mai laifi ne. Akwai kuma sanarwar bogi a WhatsApp da Facebook ɗauke da tambarin manyan kamfanoni ko na Majalisar Ɗinkin Duniya, inda ake cewa a tura kuɗin dosiye ta Orange Money ko MTN MoMo zuwa lambar wani mutum. Kuɗin konkur na gaskiya a baitulmali ko wurin da sanarwar minista ta ambata ake biyansa, a karɓi rasit, kuma sanarwar tana fitowa a jaridar Cameroon Tribune da gidan rediyon CRTV.

Tayin aiki a ƙasashen Larabawa ya fi shafar mata. A tsakiyar shekarun 2010 an dawo da 'yan Kamaru da dama daga Kuwait bayan sun tafi aikatau ta hannun dillalai, aka karɓe fasfo ɗinsu, aka hana su albashi. Kamfanin da ke tura ma'aikata sai yana da lasisin ma'aikatar samar da aiki da koyar da sana'a, MINEFOP, kuma ana iya tambayar sunansa a ofishin ma'aikatar da ke babban birnin kowace jiha kafin a ba kowa fasfo ko kuɗi.