Kinngait: Tsibirin da Zane Ya Zama Sana'ar Gari

A can ƙuryar arewacin Kanada, kusa da gaɓar babban tsibirin Baffin, akwai wani ɗan tsibiri mai duwatsu, ba bishiya ko ɗaya, ƙanƙara kuwa tana rufe shi mafi yawan shekara. Garin da ke kansa bai kai mutum 1,500 ba. Turawa sun daɗe suna kiransa Cape Dorset, amma a 2020 ya koma sunansa na asali, Kinngait. Duk ƙanƙantarsa, a nan ne ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen buga zane na Kanada yake, kuma mallakar mutanen garin ne, 'yan ƙabilar Inuit.

Labarin ya faro ne daga James Houston, wani mai zane ɗan Toronto da ya fara zuwa arewa a 1948 don zana mutane da ƙasarsu. A 1951 ya iso Kinngait tare da matarsa Alma. Lokacin jama'a na cikin matsi. Farashin fatar yanyawar ƙanƙara, wadda da ita suke samun kuɗi, ya faɗi. Tarin fuka na kwashe mutane zuwa asibitocin kudu. Iyalai kuma sun fara barin sansanonin farauta suna tarewa a gari. Houston ya fara da nema wa sassaƙen dutse kasuwa.

A hunturun 1957 ne abin ya sauya. Kamar yadda Houston ya ba da labari, wata rana yana zaune da gwanin sassaƙa Osuitok Ipeelee, sai Osuitok ya ƙura wa kwalayen sigari biyu ido, kowanne da hoton matuƙin jirgin ruwa iri ɗaya sak. Ya ce lallai mai zana wannan kai a kan kowane kwali yana shan wahala. Bayani da baki ya gagara, sai Houston ya ɗauki wani haure na dabbar teku da Osuitok ya yi wa zane, ya shafa masa tawada, ya danna takarda a kai, ya ɗaga. Hoton ya fito. Nan take Osuitok ya ce ai su ma za su iya.

Iyawa kuwa sai da koyo. Houston ya tafi Japan a 1958, ya zauna wajen Un'ichi Hiratsuka, malamin buga zane da katako, ya dawo da dabaru. Tun da babu katako a tsibirin, sai aka koma ga dutse: a goge fuskarsa ta yi sumul, a sassaƙe duk inda ba zane ba, a shafa tawada, a shimfiɗa takarda a murza da hannu. Kananginak Pootoogook, Iyola Kingwatsiak, Lukta Qiatsuk da Eegyvudluk Pootoogook suna cikin maɗaba'an farko. Daga Japan aka ɗauko al'adar sa hatimi: na mai zane, na mai bugawa, da na gidan, mai siffar ɗakin ƙanƙara. Takardar da kanta take shaida cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A 1959 aka kafa ƙungiyar gama kai ta West Baffin Eskimo Co-operative, aka kuma fitar da tarin zanen shekara na farko. Wannan mataki shi ya raya aikin. Ƙungiyar ce ke raba takarda da fensir, ta sayi zane daga hannun mai shi, ta zaɓi waɗanda za a buga, galibi kwafi 50 kacal, ribar kuma ta koma ga membobi. Houston ya bar garin a 1962, ya koma Amurka yana zana wa kamfanin gilashi na Steuben, yana kuma rubuta littattafan yara da zanen hannunsa. Tafiyarsa ba ta rushe komai ba. Terry Ryan, wanda ya zo a 1960, ya riƙe harkar kusan shekara 40, a ƙarƙashin shugabannin da mutanen gari suka zaɓa.

Abin da ba a zata ba shi ne yadda mata suka yi fice. Hannun da ya saba yi wa fata ado bai sha wuyar fensir ba. Kenojuak Ashevak ta zana mujiya mai baza gashi a 1960, hoton da ya hau kan sarkin Kanada a 1970. Pitseolak Ashoona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, ta ciyar da gida da zane, ta bar dubban hotunan tsohuwar rayuwar sansani.

Sannu a hankali gidan ya faɗaɗa. An ƙaro bugu da farantin tagulla, sannan wasu dabaru a shekarun 1970. A 1978 aka buɗe Dorset Fine Arts a Toronto don kai kaya kasuwannin duniya. A 2018 aka koma sabon gini mai ɗauke da sunan Kenojuak, wadda ta rasu a 2013.

Masu saye a kudu sun fi son hoton maharbi da dabba, amma jikoki sun ƙi tsayawa nan. Annie Pootoogook, jikar Pitseolak kuma 'yar maɗaba'i Eegyvudluk, ta zana iyali gaban talabijin, da masu sayayya a kantin ƙungiya, har da rikicin cikin gida. Ta ci kyautar Sobey a 2006. 'Yar uwarta Shuvinai Ashoona ta sami yabo na musamman a bajekolin Venice na 2022. Kaka ta zana tanti da karnuka, jika ta zana firji da talabijin, amma ƙungiya ɗaya suka miƙa wa takardunsu. Har yau, duk kaka, sabon tarin zane yana fitowa daga tsibirin da hatimin ɗakin ƙanƙara a gefensa.