Yadda Ƙ da Ɗ Suka Sami Mazauni a Cikin Unix

Duk wanda ya taɓa buɗe fayil ɗin Hausa a kwamfuta ya tarar da "Æ™asa" a inda ya san ya rubuta "ƙasa", ya san irin faɗuwar gaban da ke biyo baya. Sai mutum ya zaci aikin wata guda ya tafi a banza. Galibi kuwa rubutun na nan lafiya lau, manhajar da ta buɗe shi ce ta karanta shi da ma'aunin da ba nasa ba. Wannan matsala tana da asali, kuma maganinta ya fito ne daga gidan da aka haifi Unix.

A shekarar 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara gina Unix, tsarin gudanar da kwamfuta, a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke jihar New Jersey a Amurka. Haruffan da suka yi aiki da su na tsarin ASCII ne, wanda ya fito a 1963: alamomi 128 kacal, wato baƙaƙen Turanci manya da ƙanana, da lambobi, da alamomin rubutu, da wasu na ba na'ura umarni. Kowane harafi yana zama a cikin bayit ɗaya, wato ɗan ma'aunin da ke ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255. A kan wannan harsashi suka kafa dokoki biyu da suka bi jinin tsarin. A yaren C, wanda Ritchie ya ƙirƙira domin rubuta manhajoji, bayit mai lamba 0 yana nufin rubutu ya ƙare. A sunan fayil kuma, karkatacciyar sandar nan "/", mai lamba 47, ita ce ke raba folda da abin da ke cikinta. Dubban manhajoji aka rubuta suna dogaro da waɗannan biyun.

Da kwamfuta ta bazu a duniya, kowane yanki ya cike guraben 128 zuwa 255 da nasa haruffan. Yammacin Turai ta sami ISO 8859-1 a 1987, Rasha da Girka da ƙasashen Larabawa kowa da nasa jadawalin, lamba ɗaya tana nufin harafi dabam a kowane. Haruffanmu masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba su shiga ko ɗaya daga cikin fitattun jadawalan ba. Shi ya sa masu buga littattafai suka riƙa yin dabara: a ɗauki font a goge wata alamar da ba a cika amfani da ita ba, a zana ƙ ko ɗ a gurbinta. Takarda takan fito tsaf, amma da zarar fayil ɗin ya je kwamfutar da ba ta da wannan font ɗin, asiri ya tonu. Wasu kuma suka haƙura da k' da d', ko suka bar lanƙwasar gaba ɗaya, har "ƙafa" da "kafa" suka zama abu guda.

Unicode, wanda bugunsa na farko ya fito a 1991, ya zo da niyyar ba kowane harafi na duniya lambarsa shi kaɗai. Ƙaramin ƙ ya sami 409. Sai dai hanyar da aka fara tsarawa ta ajiye lambobin ita ce bayit biyu ga kowane harafi, kuma a nan gizo ke saƙar. Harafin A zai zama 0 da 65. Manhajar C tana cin karo da wannan sifirin sai ta tsaya, a ganinta magana ta ƙare. Wata hanyar da aka gwada, UTF-1, tana iya jefa lamba 47 a tsakiyar wani harafin, sai Unix ya datse sunan fayil gida biyu. Zaɓin da ya rage kamar biyu ne: a sake rubuta duk abin da aka gina cikin shekara ashirin, ko a bar yawancin harsunan duniya a waje.

A 1992 kwamitin X/Open, na kamfanonin da ke sayar da Unix, yana neman mafita. Dave Prosser na Unix System Laboratories ya gabatar da tsarin da ba ya taɓa lambobin ASCII. A farkon Satumba na shekarar daftarin ya isa hannun Thompson da Rob Pike, waɗanda a lokacin suke gina Plan 9, magajin Unix a Bell Labs. Kamar yadda Pike ya ba da labari daga baya, a wani gidan cin abinci a New Jersey Thompson ya zana gyaran a kan takardar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin faranti. Cikin 'yan kwanaki suka juya Plan 9 kacokan zuwa sabon tsarin, kuma a Janairun 1993 suka gabatar da shi a taron USENIX a San Diego. Shi ne UTF-8.

Hikimar da ke cikinsa ta cancanci a tsaya a kanta. Haruffan ASCII 128 suna nan yadda suke, bayit ɗaya ɗaya, don haka duk tsohon fayil na Turanci ya wayi gari halastaccen UTF-8 ba tare da an taɓa shi ba. Sauran haruffa suna ɗaukar bayit biyu ko fiye, kuma kowane daga ciki lambarsa 128 ce zuwa sama, saboda haka sifiri ko sanda ba za su taɓa ɓullowa a tsakiyar harafi ba. Abin da Thompson ya ƙara shi ne wanda ya fi burge ni: dama bayit na farko yana da alamar da ke faɗin tsawon harafin, sai shi kuma ya ba mabiyansa tasu alamar dabam. Ko daga tsakiyar fayil ka faɗo, ko wani yanki ya lalace, taku kaɗan za ka gane inda harafi na gaba ya soma. Mutumin da ya gina Unix ya san yawan jama'ar da ke zaune a kan tsohon ginin, sai ya faɗaɗa gidan ba tare da ya rushe ɗakin kowa ba. A ganina wannan ne ya ba shi nasara a kan sauran.

Karɓuwar ba ta zo nan take ba. A cikin masu rarraba Linux, dangin Unix, Red Hat ta mayar da UTF-8 tsarinta na asali a 2002, Debian a 2007. A Nuwamban 2003 takardar RFC 3629 ta taƙaita tsawon harafi zuwa bayit huɗu. A 2008 Google ta sanar cewa UTF-8 ya zarce kowane tsari a shafukan intanet.

Da wannan tarihi a hannu, gano ciwo ya zo da sauƙi, domin kowace cuta da irin tabonta. A UTF-8, ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. Manhajar da ta karanta su da tsohon jadawalin Windows na yammacin Turai za ta ga Æ da ™. Fayil ɗin ƙalau yake. A rufe shi ba tare da an adana ba, a sake buɗewa a matsayin UTF-8. Haɗarin yana wajen adanawa, domin a nan ɓarnar ke zama ta dindindin a rubuce. Idan kuwa tsohon fayil ne da aka yi shi da wani jadawali, umarnin iconv na Unix yana juya shi zuwa UTF-8.

Idan ɗan akwati ne ya fito a gurbin harafin, an karanta lambar daidai, font ɗin ne ba shi da zanen. A sauya zuwa DejaVu ko Noto ko Charis SIL. Idan kuma umarnin ls ya nuna alamun tambaya ko wasu lambobi a sunayen fayiloli, a buga locale a duba LANG da LC_ALL. Sau da yawa za a tarar tsarin yana kan "C", wato tsohon yanayin da bai san komai ba sai ASCII, kuma hakan ya fi faruwa a sabar da aka kafa a gurguje. Laburaren glibc na Linux yana da ha_NG domin Hausar Nijeriya, amma kowane yanayi mai UTF-8 zai nuna ɓ da ɗ da ƙ, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar.

Waɗanda suka fi ba da wahala su ne fayilolin zamanin font ɗin dabara, domin babu jadawalin da ya san su. Sai an zauna an gano wace alama ce ta tsaya a madadin wane harafi, a rubuta ɗan umarni da sed ya musanya su, sannan a bi shafi shafi da ido.