CUTAR DA KE SHIGA TA ƘAYA: tarihin ƙafar Madura da waɗanda suka bi diddiginta

Yau tarihi ne na wata cuta da da yawanmu muka taɓa gani ba mu san sunanta ba. Makiyayi ko mai garka ya taka ƙaya, ya cire, ya manta. Bayan watanni sai wani ƙullutu ya fito, babu ciwo. Shekara ta zagayo, ƙafa ta kumbura, ta yi huji-huji, tana fitar da ruwa da 'yan ƙwayoyi kamar gero. Wasu su ce sammu ne, wasu su ce daji. Lokotoro suna ce mata misetom.

A 1842 wani lokotoron Ingila mai suna Gill ya bayyana ta a yankin Madura na Indiya, daga nan aka samo sunan ƙafar Madura. Daga baya aka gane tana bin ƙasashen fari masu itatuwan ƙaya, tun daga Senegal, Mali, Nijar, Cadi har Sudan.

A nan gida, Dokta Michel Develoux, Bafaranshe da ya yi aiki a Yamai, shi da abokan aikinsa sun bi marasa lafiya 133 a gidajen likita biyu, suka fitar da sakamako a 1988. Abin da suka gano ya shafe mu kai tsaye: cutar ba iri guda ba ce. A arewa, wajenmu na hamada, mai ƙwayoyi masu ruwan ɗorawa ta fi yawa. A kudu, mai jajaye. Waɗannan biyun bakteriya ke kawo su, kuma suna jin antibiyotik. Ta uku, mai baƙaƙen ƙwayoyi, funfuna ce ke kawo ta, ana samunta kudu da arewa. Ke nan launin ƙwaya shi ke nuna wa lokotoro maganin da zai ɗauko.

To wannan baƙar ita ce mai taurin kai. Funfunar tana dunƙulewa cikin nama, ta yi wa kanta ɓawo mai tauri kamar siminti, magani ya yi ta fama bai ratsa ba. An daɗe ana ba da ketokonazol, aka bar shi a 2013 saboda yana ɓata hanta. Aka koma itrakonazol: kullum sha, kusan shekara guda, ga tsada, kuma sau da yawa sai an haɗa da fiɗa. In an makara ta kai ƙashi, sai yanke ƙafa.

Mutumin da ya ƙi barin maganar ta mutu shi ne Farfesa Ahmed Hassan Fahal na Sudan. A 1991 ya kafa cibiyar binciken misetom a jami'ar Khartum. Shi da abokansa suka yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har OMS ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a 2016. A 2017 cibiyarsa ta fara gwajin sabon magani, fosrabukonazol, wanda sau ɗaya ake sha a mako. Gwajin ya nuna aikinsa bai yi nisa da na tsohon ba, ga sauƙin sha. Sai yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, aiki ya tsaya cik a cibiyar ta Khartum.

Kafin sabon magani ya iso mana, abin da ke hannunmu shi ne zuwa da wuri. Ƙullutun da ba ya ciwo a ƙafa, kar a jira, kar a tsaga shi a gida, a je CSI. In ƙwaya ta fito, a lura da launinta a gaya wa lokotoro. Wanda aka sa wa magani ya sha har ƙarshe, don sha-ka-bari shi ke koya wa cuta ƙin jin magani. Yara masu kiwo kuma, a sa musu takalmi.

Ku tura wa 'yan'uwa na Ingal, Tabelot da Timiya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.