Shekarun Farko na Yaron da Ba Ya Ji: Nazari kan Tarbiyya da Samun Harshe a Gidan Bahaushe

Tsakure

Wannan maƙala ta duba halin da iyaye masu ji suke shiga idan suka haifi yaron da ba ya ji, ko jinsa ya tafi kafin ya buɗe baki. An dogara ga binciken da masana harshe da likitoci suka wallafa, an kuma auna shi da yadda ake renon yara a ƙasar Hausa. Matsayar maƙalar ita ce babbar asarar da irin wannan yaro yake yi tana cikin shekarun da yake shafewa ba shi da wani harshe, na baka ko na hannu, kuma gida ne kaɗai yake da ikon toshe wannan giɓi a kan kari.

Gabatarwa

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan ji a 2021 ya ƙiyasta cewa yara miliyan 34 ne a duniya suke da raunin ji da ke buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ana iya kauce mata. Sabubban ba baƙi ba ne a wurinmu: ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, wahalar haihuwa, kunne mai zubar da mugunya, da allurai irin su gentamicin idan aka yi su ba bisa ƙa'ida ba. Sai kuma sanƙarau. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, mafi yawansu a arewa, kuma kurumta tana cikin manyan tabon da wannan ciwo yake bari ga waɗanda suka tashi. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar a 2010 da Nijeriya a 2011 ya karya lagon nau'in A na cutar, amma sauran nau'o'in suna nan.

Mitchell da Karchmer sun nuna a 2004 cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame a Amurka iyayensu masu ji ne. Ma'anar wannan ita ce yawancin waɗannan yara suna faɗowa cikin gidan da ba wanda ya shirya musu.

Me ya sa ake daɗewa ba a gane ba

Jaririn da ba ya ji yana kuka, yana dariya, yana 'yan ƙananan sautuka kamar kowane jariri a watanninsa na farko. Oller da Eilers sun gano a 1988 cewa bambancin yana bayyana ne a gwarancin da ake maimaita gaɓa, irin "ba-ba" da "da-da": mai ji yakan fara shi kafin ya wuce wata 10, wanda ba ya ji kuwa yakan makara sosai. Uwa ce take fara lura. Takan ce, "Yaron nan ko kwano ya faɗi ba ya firgita." Amsar da take samu daga uwar miji ko maƙwabciya kusan ɗaya ce ko'ina: "Nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara 3 ya yi magana." Wasu a kai su wurin wanzami ya duba ƙarƙashin harshe, wasu a nemo rubutu da hayaƙi. Duk da kyakkyawar niyya ake yi, amma an sa ido a baki alhali matsalar tana kunne, watanni kuma suna ta wucewa.

Watannin nan suna da tsada. Yoshinaga-Itano da abokan aikinta sun nazarci yara 150 a jihar Kolorado, suka wallafa a 1998 cewa waɗanda aka gano matsalarsu kafin wata 6 sun fi waɗanda aka gano daga baya ƙarfin harshe nesa ba kusa ba. A kan irin wannan shaida aka gina ƙa'idar da ake bi a Amurka: gwaji kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Aikin Rachel Mayberry ya ƙara fito da abin fili. Kurman da bai sami harshen farko ba sai da ya girma yakan ci gaba da shan wahalar nahawu har tsufansa, ko da ya shafe shekaru masu yawa yana maganar hannu. Wanda ya sami harshe tun yana jariri kuwa, na hannu ne ko na baka, koyon harshe na biyu yana zo masa da sauƙi.

Goyo, kunya da duhu

A nan ne ya kamata mai bincike ya dubi gidan Bahaushe da idon basira, domin shawarwarin da aka rubuta a Turai sun ɗauka uwa tana zaune fuska da fuska da ɗanta yawancin yini. Jaririnmu a baya yake. Goyo rahama ce ga mai ji: yana lafe a bayan uwarsa tana daka ko tana tuƙi, kunnensa yana kwasar hirar tsakar gida, da kiran mai talla, da waƙar da ake masa. Ba wanda ya zauna koya masa, amma harshe yana shigarsa. Wanda ba ya ji, a wannan wuri ƙeyar uwarsa da ɗankwalinta kawai yake gani. Yana samun ɗumin jiki da natsuwa, waɗanda ba ƙaramin abu ba ne, amma ko kalma ɗaya ba ta isa gare shi.

Kunyar ɗan fari tana ƙara nisan. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta ko yi masa wasa a gaban mutane ba ta cutar da yaro mai ji, domin kakanni da gwaggonni suna cike gurbin. Idan ɗan farin ba ya ji, wadda ta fi kowa zama da shi ita ce aka ɗaure wa fuska da hannu. Haka kuma yaye: a kai yaro gidan kaka yana kusan shekara 2, ya bar mutum ɗaya tilo da ta fara gane alamunsa. Da dare kuma, lokacin tatsuniya da hira, in ba fitila, maganarsa ta ƙare sai gari ya waye.

Ban ga hikimar a ce wa mata su daina goyo ba, ba kuma za su daina ba. Abin da ake nema ƙarami ne kuma mai yiwuwa. A sauko da yaron gaba lokacin shayarwa, wanka da cin abinci. A taɓa kafaɗarsa, a jira ya ɗago ido, sannan a nuna masa abu a yi alamarsa kusa da fuska. Masu nazarin iyaye mata kurame, irin su Patricia Spencer, sun lura cewa haka suke yi da jariransu ba tare da wani ya koya musu ba: suna haƙurin jiran ido kafin su yi magana. Uwa mai ji takan nuna abu tana magana a lokaci guda, ta manta cewa yaron da yake kallon abin ba ya kallon bakinta.

Arzikin da ke ƙofar gida

Kurame a ƙasar Hausa suna da harshensu. Constanze Schmaling ta yi aiki da su a Kano, ta wallafa littafinta Maganar Hannu a 2000, inda ta nuna harshe ne cikakke mai tsarinsa, wanda yara suke koya daga manyan kurame, kuma masu ji da yawa a kasuwa da unguwa suna iya taɓa shi ba tare da jin nauyi ba. Harshen da ake koyarwa a makarantun kurame daban ne. Asalinsa maganar hannun Amurka ce da Andrew Foster ya shigo da ita, wanda ya buɗe makaranta a Gana a 1957 da Ibadan a 1960. Makarantar Tudun Maliki ta Kano da takwarorinta suna karɓar yaro ne bayan ya kai shekarun shiga firamare. Gidan da ya zauna jiran makaranta ya riga ya ba da shekarun da suka fi kowanne amfani.

Tsoron da iyaye suke yawan faɗa shi ne, "In ya saba da hannu ba zai yi magana ba." Petitto da Marentette sun nuna a 1991 cewa jariran da suka tashi cikin maganar hannu suna gwaranci da hannuwansu a daidai lokacin da masu ji suke yi da baki, wato ƙwaƙwalwa tana karɓar harshe ta kowace ƙofa ya shigo. Gaskiya ne masana ba su gama jayayya ba kan yaran da aka yi wa dashen na'ura a cikin kunne: Geers da abokan aikinta sun ruwaito a 2017 cewa waɗanda ba a haɗa musu da alamun hannu ba sun fi iya magana, wasu kuma suka soki tsarin binciken. Sai dai wannan muhawara ta masu dashe ce da ƙwararrun koyar da furuci a kusa. Ga mafi yawan iyalai a Katsina ko Damagaram, ko na'urar ƙara ji da batirinta da gyaranta nauyi ce. Hana yaro hannu a irin wannan hali hana shi harshe ne baki ɗaya. Mai sauran ji da ya sami na'ura ya sa ta, a yi masa magana, a haɗa masa da hannu.

Saboda haka matakin da ya fi sauri ga uba shi ne ya nemo babban kurma mai mutunci a unguwa, tela ne ko kafinta ko matar aure, ya riƙa kawo shi gida. Yayye da ƙanne sukan riga manya koyo, su ne kuma abokan wasan yaron.

Inda za a kama matsalar da wuri

Gwajin jarirai a ɗakin haihuwa ba zai kai ga yawancin yaranmu ba, domin binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna mafi yawan haihuwa a arewa maso yamma a gida ake yin ta. Bolajoko Olusanya ta gwada wata hanya a Legas, ta wallafa sakamakon a 2008: ma'aikatan lafiya na matakin farko suna auna jin jarirai da ƙaramar na'ura a ranar da aka kawo su allurar BCG, aikin kuma ya yiwu. Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999, tana da hurumin horar da irin waɗannan ma'aikata. Inda na'urar ba ta iso ba, ma'aikaciyar rigakafi tana iya tambayar uwa a allurar wata 9 ko yaron yana juyowa in an kira shi daga baya, ko ya fara gwaranci. In amsar a'a ce, ta rubuta musu takardar zuwa asibitin kunne, ta kuma ce a fara yi masa alamun hannu tun daga ranar, ba sai sakamako ya fito ba.