Allon wasa da ya bi hanyar Babura

Mu a Magariya, wasan bidiyo ta hannun Kano ya zo mana, ta Babura da Tinkim, cikin kwalayen 'yan kasuwa. Yaro ya miƙa dala biyar, ya zauna bisa benci gaban talabijin, gurup na ƙugi a bayan rumfa.

Asalin tsarin haɗa allon wasan kuwa Japan ne. A 1985 ƙungiyar JAMMA ta tsayar da mahaɗi ɗaya mai haƙora 56, don mai akwatin wasa ya sauya allon ciki kawai, katako da gilashi su zauna yadda suke. A 1990 kamfanin SNK ya fito da Neo Geo, wanda wani samfurinsa ke ɗaukar kaset shida. Daga baya China ta cika kasuwa da Pandora's Box mai ɗaruruwan wasanni.

Ni da na haɗa wa 'ya'yana akwati a gida, yawan wasannin Pandora's Box bai ruɗe ni ba, don da yawansu maimaici ne aka sauya musu suna. Na duba mahaɗin, na duba ko fankar allon za ta jure zafin bazara da ƙurar hunturu, sannan na biya.